Rabin Ƙwayar Zuliha

A cikin matan da ke turara shinkafa a ƙauyukan Kura, da wuya ka samu mai hannun Zuliha. Tun tana yarinya take gaban tukunya, ta jiƙa shanshera, ta turara, ta shanya, a kai inji. Ga ta da barkwanci, ko makoki ta shiga sai wani ya danne dariya. Mijinta Ɗanbaba manomin rani ne, tumatir da albasa a bakin kanal, kuma abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: buhun takin da wasu ke zuba wa gona ɗaya, shi sai ya ja shi ya ishi biyu.

Wajen awon cikin fari aka gano tana da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ta yi kuka har ta gode Allah. Malamar asibiti ta miƙa mata roba cike da ƙwayoyi, ta ce magani uku ne aka haɗa a kowace ƙwaya, ta sha ɗaya kullum ba fashi. In ta riƙe haka, za ta haihu ta shayar, da yardar Allah cutar ba ta taɓa ɗan ba. Ta kuma ce a turo maigida a gwada shi.

Ɗanbaba ya ce allambaran. Shi da dillalan Kura suka sani, a gan shi a layin masu karɓar maganin nan? Amma jikinsa ya fi bakinsa gaskiya, don zazzaɓi da rama sun daɗe suna cinsa. Bayan an yi sunan yaron, Abdulsamad, sai ya shigo da wuƙar yankan albasa, ya ɗora ƙwayar Zuliha a kan faifai ya raba ta biyu, ya ɗauki rabi.

"Malam, an ce fa guda ake sha," in ji Zuliha. "Ina shayarwa."

"Su 'yan asibiti ai haka suke, kamar masu sayar da taki. A ce ka zuba da yawa don kaya su ƙare. Rabi ma yana aiki, ni na sani."

Ta roƙe shi, ta ce kyauta za a ba shi nasa. Ya ce in ta kuskura ta kai sunansa can, ta wuce gidansu daga nan, kuma da bakinsa zai gaya wa gari abin da take ɗauke da shi. Wa zai ƙara sayen shinkafarta? Tsoro ya kama ta, ta karɓi rabin. Kullum rabi nata rabi nasa, robar kuwa tana ƙarewa daidai ranar karɓar wata, babu wanda ya zargi komai.

Barkwancin ya tafi. Tana juya shanshera a rana yaron na bayanta yana tari, ga gudawa da ta ƙi tsayawa. Da aka auna jininta aka ga cutar ta yi sama, malamar ta rufe ta da faɗa.

"Baiwar Allah, ke wace irin uwa ce? Ba kya sha, kin zo kina mana ƙarya!"

Zuliha ta sunkuyar da kai ta haɗiye zagin da ba nata ba. Aka ɗebi jinin Abdulsamad, da sakamako ya fito aka ce ya kamu.

Ta tarar da Ɗanbaba a tsakar gida yana wanke laka a ƙafarsa. Ta sauke yaron a gabansa ta faɗa masa, tana jiran ko sau ɗaya ya ce ya cuce su. Ya dubi yaron.

"Allah ya sawwaƙe," ya ce. "To shi ma za su riƙa ba shi nasa ke nan. Ƙwaya ce irin tamu, ko na ruwa ne?"