Jirgin Baba Yana Ja Hagu

Baba bai taɓa kiran abin da sunansa ba. "Tarkacen Kyaftin" yake ce masa, Kyaftin ɗin kuwa ni ne. Ni ne ɗansa na fari, a gidanmu kuma uba ba ya kama sunan ɗan fari, don haka da ya samu wannan sunan tsokana sai ya liƙa mini shi har abada.

Tun ina sakandare nake son tuƙa jirgin sama. Allah bai nufa ba, na ƙare a shagon buga takardu a bakin Kasuwar Gombe, ina buga wa mutane takardun neman aikin da ni ma ban samu ba. Abin da ya rage mini na wancan buri shi ne wasan tuƙa jirgi a kwamfuta, da wasu na'urori guda biyu da na tsinta wajen wani mai sayar da kayan lantarki na gwanjo. Ɗaya sanda ce mai maɓallai, wadda yara ke kira joyistik: ka tura ta gaba jirgi ya sunkuyar da kai, ka ja ta baya ya ɗaga, ka karkata ta ya karkata. Ɗayar kuma totur ce, wata liba da ake turawa da hannun hagu don ƙara wa inji wuta. Ban san ko hannun mutum nawa suka bi kafin su iso unguwarmu ta Hammadu Kafi ba, amma fentin maɓallan duk ya goge.

Baba tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai wake da masara kudu. Ranar da ya fara ganina ina tura libar nan sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Totur a hannu? To ita ƙafar hutu ta zo yi duniya?"

Wata safiya yana shan koko kofin ya suɓuce masa. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Bayan an sallamo mu daga asibiti ƙafar ta dawo, ko da yake yana ɗan jan ta, maganar ma ta dawo da nauyi-nauyi. Hannun ne ya ƙi. Ya naɗe a ƙirjinsa, yatsun sun dunƙule kamar yana ɓoye goro.

Daga nan Baba ya daina fita. Ya daina zuwa masallaci, ya daina zama a ƙofar gida, saboda duk wanda ya zo gaishe shi hannu zai miƙo, shi kuma ya ce gara ya mutu a ɗaki da ya miƙa wa Musulmi hagu. Abinci ma sai an ja masa ƙofa yake ci. Likitar gashin ƙashi, wata mata mai faɗar gaskiya ba kwana-kwana, ta gaya mana cewa hannun nan sai ya yi aiki kullum, in aka bar shi ya sandare to shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Muna isowa gida ya cilla wa kyanwa, ya ce shi da ya murɗa sitiyarin tirela ba za a mayar da shi ɗan yaye ba. Na roƙa, Inna ta roƙa, ƙannensa sun zo daga ƙauye sun roƙa. Taurin kan mutumin nan ko dutse ya san da zamansa.

Wata rana bayan la'asar ina ɗakina na zaure ina ƙoƙarin sauke jirgi, sai na ji numfashi a bayana.

"Kana shiga kwana kamar ɗan koyo," in ji Baba.

Raina a ɓace yake da shi tun safe. Na ce, "To Baba ga wuri, a nuna mana."

Ban zaci zai zauna ba. Ya zauna. Na buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya na ɗora su a kan sandar, na sa hagunsa a totur. Jirgin bai ko bar ƙasa ba ya faɗa cikin ciyawa. Sai Baba ya yi dariya, wadda rabonmu da jin ta tun ranar kokon nan. Ya ce a sake.

Haka ya zama kullum, in dai akwai wuta ko batirin kwamfutar ya yarda. Kafin ya shigo, Inna takan zaunar da shi a tabarma ta mulke hannun da man zafi haɗe da man shanu, tun daga kafaɗa har farce, wai don jijiyoyin su saki. Ɗakina ya koma warin ɗakin mai jego, ban damu ba. Likitar da ta ji labari ta ce ko injin markaɗe ne in dai zai riƙe a bar shi ya riƙe. A hankali babban yatsan ya fara danna maɓalli. Wata rana na leƙa ta labule na gan shi ya kai cokali baki da dama, rabin miyar a riga, rabi a ciki. Na koma ɗaki don kada kowa ya ga idona.

Muna cikin wannan murna sandar ta fara lalacewa.

Baba ne ya fara lura. Jirgi na tafiya sosai a sama sai ya ga fiffiken hagu yana sunkuyawa, ya gyara, ya sake sunkuyawa. Ya ce, "Yana ja." Kalmar direbobi ce, haka suke cewa in mota tana zamewa gefe ba da izininsu ba. Na san Baba a kan wannan kalma. Duk rayuwarsa in mota ta ja, laifin taya ne, ko na alaimen, wato saitin tayoyi, ko na bakanike, ko na wanda ya yi titin, bai taɓa zama laifinsa ba. Amma ranar bai dubi sandar ba, hannunsa ya zuba wa ido. Ya zare shi a hankali ya mayar ƙirji ya fita.

Washegari bai zo ba. Na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya.

"Hannun ya koma," ya ce. "Ka bar wahalar da kanka."

Na koma ɗaki na tashi jirgin da kaina, na kai shi sama, na saki sandar na naɗe hannuwana. Sai ga shi yana karkata hagu shi kaɗai, ba mai taɓa shi. Ban san lokacin da na koma na kusan ɗauko tsohon nan cak ba. Na ce, "Baba, dubi, babu hannun kowa a kai." Ya daɗe yana kallo, jirgin yana ta zagaye a allo.

"To alaimen ne," ya ce, muryarsa ta ɗan dawo. "Kai shi gareji."

Garejin joyistik a Gombe kuwa ai sai a tona. Na zagaye masu gyaran waya har ƙafata ta yi ƙura. Wani ya juya ta ya tambaye ni ko ta injin ɗinki ce. Wani ya fesa mata wani abu ta gefe ya ce ta gyaru, kafin in isa gida ta ƙara lalacewa. Sabuwa babu mai sayarwa a garin, wadda na gani a intanet kuma ta fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Da ƙyar aka kwatanta mini wani Batangale a wani lungu na kasuwa, mai gyara wa shagunan gem abin wasan ƙwallo.

Yana kwance murfin ƙasa wari ya buge mu. Ya ɗago ya dube ni.

"Oga, wa ke yi wa wannan tausa da man zafi?"

Man Inna ne. Kullum yana gangarowa daga tafin Baba, ya bi jikin sandar ya shige ciki. Mutumin ya nuna mini wani ɗan abu mai kama da na ƙara muryar rediyo, ya ce shi ke gaya wa kwamfuta inda sandar ta karkata. Irin wannan gogawa yake yi a ciki, dama ko ba mai yana cinyewa da tsufa, masu tsadar ne ke aiki da maganaɗisu ba sa gogar komai. Nawa ya riga ya tsufa, man ya haɗu da datti ya ƙarasa shi. Ya ce ba shi da irinsa, sai dai ya sa a nemo masa a Kano.

Ban gaya wa Inna ba. Cewa kawai na yi in an dawo da sandar za mu riƙa ɗaura mata leda. Ta dube ni, ta dubi kwalbar man da ke kan taga, daren ranar kuwa ba ta ci tuwo ba.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Kullum in na rufe shago sai na bi ta lungun nan, kullum amsa ɗaya ce, ba a samu ba, ko an aiko wani bai shiga ba. Na yi fushi, na yi lallashi, har na fara jin kunyar fuskar mutumin, alhali ba laifinsa ba ne. In na shigo gida Baba na zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, tambayarsa ɗaya: "Gareji sun gama?" Na aro abin wasan ƙwallo na ba shi, maɓallan sun yi wa yatsunsa ƙanana. Na ba shi muciya ya riƙa juyawa, ya ce ko tuwo zai tuƙa mini. Ƙwallon roba kuwa ba a ma maganarsa. Ina kallo da idona yatsun suna komawa ciki, cokali ya koma hagu, ƙofa ta koma rufuwa. Likitar ta lanƙwasa hannun ta miƙe, ta girgiza kai. Na tsani sandar nan, na tsani wanda ya ƙera ta, na tsani kaina da na rataya hannun ubana a kan robar gwanjo.

Ranar da aka gama gyaran, a guje na zo gida. Na gwada, jirgi ya miƙe sak, ko gezau. Na ɗaura leda, na kira Baba. Yatsun sun yi tauri, sai da na yi da gaske kafin su zagaye sandar. Ya tura totur, jirgi ya tashi, ya ɗan yi sama, sai fiffiken hagu ya sunkuya.

Ya juyo ya dube ni. Na ce, "Bai gama saituwa ba, Baba, sabon gyara ne."

Na san ba sandar ba ce. Hannun ne yake janyo ta wajen ƙirjinsa. Kuma na san in ya gane haka zai koma ya juya wa ƙofa baya, wannan karon kuma ba ni da abin da zan nuna masa. Washegari kafin ya shigo na shiga saitin wasan na gusar da tsakiyar sandar, yadda in hannunsa ya ja hagu jirgin zai ɗauka daidai ne. Ya zauna ya tashi jirgi, ya tafi sak, ya juyo ya sauka a tsakiyar titi, saukar da bai taɓa yin mai kyaunta ba. Na fara yaba masa. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya dafa tebur ya miƙe.

"Zauna ka ja in gani."

Na ce na gaji. Ya ce in zauna. Ina kama sandar jirgin ya kwashe dama kamar an fizge shi.

"Kyaftin," ya ce a hankali, "bakanike nawa ne suka ɗaure mini ciwon mota da waya suka ce ta warke? Mayar da shi yadda yake."

"Baba, so nake kawai ka ci gaba da zuwa."

"In ka gyara shi ya bi hannun, shi hannun wa zai bi?"

Na mayar. Ya zauna, ya tashi jirgi, jirgi ya ja hagu. Ya yi ta kokawa da shi, gumi na ɗiga daga gemunsa, ledar na ƙara. Jirgin bai fasa karkata ba. Na tabbata yanzu zai zare hannu ya fita. Sai na ga ya ɗauke hagunsa daga totur ya tallabo wuyan hannun daman da shi, ya tura. Fiffiken ya ɗago kaɗan.

"Riƙe mini totur," ya ce. "Rage wuta. Rage mana, kai wane irin yaron mota ne?"

A ciyawar gefen titi muka sauka, amma da ƙafafun jirgin muka sauka.

Hannun bai dawo yadda yake ba, har yau. Sandar ma ta sake lalacewa daga baya, an sake gyarawa, yanzu da robar tayar keke aka ɗaure gindinta. Amma ranar Juma'ar da ta biyo bayan saukar nan, na fito zan tafi masallaci na tarar da Baba a zaure da babbar riga da hula. Na buɗe ƙofa. Muna fita muka ci karo da maƙwabcinmu tela, wanda a haife Baba ya haife shi. Ya washe baki ya miƙo hannu kafin ya tuna. Na ga fuskarsa ta canza, yana neman yadda zai janye.

Baba ya sa hagu ya tallabo wuyan hannun damansa, yadda yaro ke yi in zai gaida babba, ya ɗaga shi daga ƙirji ya miƙa masa. Haka ya gaisa da duk wanda muka haɗu da shi har ƙofar masallaci, manya da yara, ni kuwa ina biye da shi riƙe da darduma, ina ta kallon ƙasa.