Shekarar da Masu Busa Suka Yi Mini Gadin Shinkafa

Ni ba mai yawan tuna baya ba ne, don bayan nawa babu abin daɗi da yawa a cikinsa. Amma akwai abu ɗaya da har ƙasa ta rufe idona ba zan manta ba: shekarar da ƙanena ya tsaya a gonata da ƙahon Turawa yana yi wa tsuntsaye busa.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni ne babba. Ina aji biyu a sakandare Baba ya cire ni, ya ce noman rani yana son hannu. Auta kuwa aka bar shi ya yi ta karatu. Na ɗauka likita za a samu ko injiniyan ruwa, sai yaro ya ɓige da busa. Wurin ’yan faretin makaranta ya ɗauko ta, ta bi jikinsa. Yanzu malamin kiɗa ne a wata kwalejin horar da malamai. Litinin zuwa Alhamis yana aji, ƙarshen mako ya hau mota zuwa Abuja ya yi wasa a wani babban otal tare da abokansa. Jaz suke kiran kiɗan nasu. Ya taɓa kunna mini a waya, na ce masa ni dai na ji kamar kowa abin da ya dame shi yake busawa. Ya yi dariya ya ce ai na gane ke nan. Ni ban yi dariya ba. A ganina an raba ni da makaranta ne don wani ya je ya koyo hayaniya.

A shekarar da nake ba ku labari, reshen kanal da ke kawo mana ruwa, nan tsakanin Kura da Bunkure, ya toshe da laka da ciyawa. Ni ne a can ƙarshen layi, kafin ruwa ya iso ni kowa ya gama dashe. Saboda haka lokacin da maƙwabta ke yanka suna bugu, tawa shinkafar ta fitar da kai ke nan, ƙwayar tana nono. Wanda ya san tsuntsun nan jan-baki ya san ma’anar wannan. Idan gonaki suka nuna tare, tsuntsayen rarrabuwa suke yi, kowa ya yi ’yar asara. Idan kuwa taka ce kaɗai ta rage, duk jan-bakin yankin baƙinka ne. Kuma shinkafar nan ita ce abincin gidana har kaka.

’Ya’yana maza suna Kano suna jan adaidaita. Masu gadi duk sun tafi aikin yanka. Na ja igiyoyi na rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, na ɗaura ledoji a kan karare. Da farko sun tsorata. Ba a je ko’ina ba suka saba, har a kan igiyar suke sauka su huta kafin su ci gaba da tsotse mini shinkafa. Na yi ihu har muryata ta dushe.

Ana cikin haka sai ga Auta ya zo hutu, da ɗalibansa uku, samari majiya ƙarfi, kowa da akwatinsa. Wai za su yi atisaye a tsohon zauren Baba, don can babu mai damunsu. Na dawo daga gona da hantsi, ƙafa duk laka, na tarar zaure ya ɗauki ƙara kamar ana yanka jaki.

Na ce, “Kai Auta, in iska ce ta yi muku yawa a ciki, ga gona can, ku je ku hura wa jan-baki. Ko banza ku yi amfani sau ɗaya a rayuwarku.”

Baƙar magana na yi, amma sai ya sauke ƙahon ya dube ni. “Yaya, da gaske kake? Yaushe suke sauka?”

“Da sassafe, da kuma bayan la’asar.”

Washegari muna idar da sallar asuba sai ga su a bayana. Ya raba su kusurwa huɗu, shi da wani dogo siriri masu ƙaho, ɗaya mai wani lanƙwasasshen abin busa, ɗaya mai ganga. Garin na wayewa tsuntsayen suka taso daga wajen kanal, baƙi ƙirin kamar hayaƙin taya. Samarin suka saki wani kiɗan fareti gaba ɗaya. Wallahi garken nan juyawa ya yi a sama kamar an mare shi. Na ji daɗi, amma ban nuna ba.

Masu wucewa a babur suka riƙa tsayawa. Maƙwabcina na gona ya ɗaga murya ya ce, “Malam, ana biki ba gayyata? Wa ake aurarwa, shinkafar?” Na ce masa ya wuce ya ba ni wuri, tasa ai a buhu take.

Daɗin bai daɗe ba. Kiɗa ɗaya suke ta maimaitawa, jan-baki kuwa ba wawa ba ne. Suka fara sauka a tsakiyar gona ana busa suna ci, kamar don su aka shirya. Auta ya tara ɗaliban a gindin mangwaro, ya ce, “Yaya, me ya sa suka daina tsoron gwangwaninka?”

Na ce, “Wannan ai ko yaro ya sani. Sun san abin da zai biyo baya.”

Ya juya wurinsu ya ce, “To kun ji. Mai sauraro ma haka yake. Daga yau ba mai maimaita abin da ya busa. In na yi magana daga nan, kai dogo ka ba ni amsa daga can, da naka bakin, ba nawa ba. Kuma ku koyi yin shiru. Ku bar su su sauko tukuna.”

Abin da na gani da la’asar ɗin nan shi ya fara sauya mini tunani. Gona ta yi tsit. Garken ya sauko har ana jin fukafukansu. Sai Auta ya saki wata siririyar ƙara daga gabas, suka zabura suka yi yamma, dogon ya tare su da wata mai kauri, suka karkata, ganga ta faɗo musu daga inda ba su zata ba. Kowane zuwa da irin tarbar da za a yi musu. Wanda ya yi kasala ya maimaita, Auta zai ƙwala masa kira daga nesa, “Wannan ka faɗa ɗazu! Ba ka da wata maganar?” A nan na gane mutumin nan aji yake yi a gonata, kuma shinkafata tana tsira.

Sai ranar Alhamis ta zo. Na san gobe Auta yana da wasa a Abuja, babba ma, an ce har da baƙi daga ƙasashen waje. In ya tafi ɗaliban za su bi shi, ƙwayar kuwa ba ta yi taurin da za ta fi ƙarfin bakin tsuntsu ba. Roƙo ba ya cikin halina, balle in roƙi ƙanena. Muna cin ɗanwaken da maiɗakina ta aiko, na ce, “Gobe sai tafiya ko? Allah ya kiyaye hanya.”

Auta ya juya wajen ɗalibansa. Ya kira dogon ya ce, “Kai za ka je ka tsaya a wurina. Na riga na gaya wa abokaina.”

Saura kaɗan ɗanwake ya shaƙe saurayin nan. “Malam, ni? A gaban manyan mutane?”

“Kwana da kwanaki kana ba ni amsa daga ƙarshen gona, ba takarda, ba ka ko ganin fuskata. Ka juya dubban tsuntsaye masu yunwa, sai masu cin kaza da cokali ne za su ba ka tsoro?” Ya miƙa masa ƙahonsa mai ƙyalli, ya karɓi nasa mai lotsattsen baki.

Da suka matsa na jawo shi gefe na ce, “Kai wawa ne? In masu otal suka ga ya fi ka, ya ƙwace maka wuri fa?”

Ya ce, “To ai aikina ya yi kyau ke nan, Yaya. Ni ma haka malamina ya yi mini. Yanzu dai kusurwa ɗaya ta zama ba kowa, kai za ka tsaya.”

“Ni ban iya busa ba.”

“Ka iya faɗa ai. Ɗauko tsohon daron can da sanda.”

Haka na tsinci kaina, da furfurata, ina dukan daro a yammacin gona. Auta ya busa daga gabas, in rama. Da farko da haushi nake dukan, duk abin da na ƙunsa tun ranar da aka karɓe mini littattafai. Shi kuma sai ya amsa a hankali, kamar mai cewa na ji. Can sai ya tsokane ni da wata ’yar ƙara mai kama da dariya, na samu kaina ina dariyar ni ma. Tun muna yara ba mu taɓa hira mai tsawon wannan ba, kuma ba wanda ya buɗe baki.

Shinkafa ta yi tauri muka yanke. Kusurwata ce kawai tsuntsaye suka yi wa ɓarna, don wani lokacin sauraro nake tsayawa yi in manta da daron. Sauran ta kai mu kaka har da ragowa. Dogon kuwa ya yi abin kirki a Abuja, yanzu mako-mako suke karɓa-karɓa da malaminsa, Auta kuma ko a jikinsa.

Ban ce ina son jaz ba, har gobe hayaniya ce a kunnena. Cire ni daga makaranta ma bai daina yi mini ciwo ba, sai dai na daina ɗora wa Auta laifin. Abin da na koya shi ne, kada ka raina sana’ar mutum don kawai ba ka gane ta ba, ka tsaya ka ga yadda yake riƙe da ita. Wanda zai iya ba ɗalibinsa wurinsa da ƙahonsa, ya tsaya cikin laka saboda abincin gidan yayansa, karatunsa bai tafi a banza ba. Daron yana nan rataye a zaure. Na hana a zuba masa dusa.