Dattijon da Ke Zaɓen Maɓalli Ido a Rufe

A shagon kayan kwamfuta wani dattijo yana tsaye, tabarau mai kauri rataye a wuyansa, kafaɗunsa sun ranƙwafa. Da ganinsa mai buga takardu ne a wani ofis. Yana danna maɓallan kibod ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe, yana neman wanda ke ɗan tokare yatsa kafin ya nutse.

"Baba, gyangyaɗi kake? Buɗe ido ka ga masu wuta mana," in ji mai shagon.

"Idon ya gaji, ɗana. So nake yatsa ya riƙa gaya mini harafi ya shiga, kada su gane a wurin aiki. Allah dai ya rufa asiri."

Mai shagon ya haɗiye dariyarsa, ya turo masa kujera.