Farin Dutsen Amandio

Duk ƙauyenmu na Lapa Fria, inda muke ce wa kowane dattijo Ti, mace ko namiji, babu wanda ya kai Ti Zulmira iya tsaki. In ta ja shi daga ƙofar gidanta, sai kajin maƙwabta sun ɗaga kai. A da jefi-jefi take yi, in madara ta ƙi kamawa, ko in Fada ya ja wa'azi a coci har miyar kabeji ta huce a murhu. Amma tun da aka kafa allo a bakin hanya wai ƙauyenmu na tarihi ne, ba ta yini ba ta ja shi ba. Ni dai ban ga laifinta ba.

A ƙauyen aka haife ta, kuma tun ba ta kai tsawon sandar kiwo ba take bin tumaki zuwa saman dutse. Ta auri Amandio, shi ma makiyayi, mutumin da in ya ce maka ina kwana to ya gama hirar ranar. Ita ke yi musu maganar su biyu. 'Yarsu ɗaya, Odete, ta tafi Faransa aiki, ta yi aure can. Da Amandio ya rasu kowa ya ɗauka Zulmira za ta sayar da garken ta zauna bakin wuta. Ina! Ta sa baƙaƙen kayanta, ta yafa bargon mijinta, ta ci gaba da hawa da sauka, tana tatsa, tana yin cukunta da furen ƙaya yadda uwarta ta koya mata. Makiyayan ƙauyen suka yi ta ƙarewa, wasu ƙasa ta rufe su, wasu birni ya haɗiye su, har ya zama ƙararrawar tumakinta kaɗai ake ji da safe.

Wanda ya yi kiwo a dutsen nan ya san hazonsa ba ya sallama. Rana na tsaka sai ka ga fari ya taso daga kwari, kafin ka gyara takalmi ba ka ganin abin da ya wuce 'yan taku. Shi ya sa kakanni suka jera mariola, tarin duwatsu tsawon mutum, yadda in kana gindin ɗaya za ka hango duhun ta gaba, ka bi su har gida. Ba a ɗora musu dutse don wasa, ba a kuma cirewa. Wadda ta fi kowacce ita ce ta mararraba: hagu gida, dama kwazazzabon da ko akuya ba ta komowa daga cikinsa. Amandio ne ya sake gina ta shekarar aurensu, ya ɗora mata wani farin dutse a ka, mai ƙyalli ko a cikin hazo. Zulmira ba ta taɓa wuce ta ba ta dafa ta ba. Wani lokaci har tsayawa take ta gaya mata wanda ya mutu a ƙauye da wanda ya haihu.

Sai 'yan yawon buɗe ido suka sauko mana. Mota bayan mota, da gajerun wanduna, kowa da sanduna bibbiyu kamar masu ciwon gwiwa. Ɗakin da Ti Belmiro ya yi shekaru yana tsare aladu a ciki aka shafa masa farar ƙasa aka sa gado, suna rububin kwana. Kwamin da tumaki ke shan ruwa ya koma wurin jiƙa ƙafa, su tuɓe safa su tsoma yatsunsu masu bororo suna lumshe ido, tumaki su zo su shinshina su juya. Bayan kowane babban dutse kuwa, kada ka leƙa in ka ci abinci. Farar takarda ce ke kaɗawa a kan ƙaya, da abin da aka yi amfani da ita a kai. Mutane ne masu wanka da sabulu mai tsada, amma ƙazantarsu ko aladun Belmiro sai sun kawar da kai.

Duk wannan Zulmira ta jure da tsaki. Abin da ya ƙure ta shi ne tara duwatsu. Ban san wanda ya fara ba. Wani dai ya ga mariola, ta burge shi, ya ɗora 'yan duwatsu nasa a gefe ya ɗauki hoto. Na bayansa ya gani ya yi nasa. Kafin bazara biyu saman dutsen ya cika da tarin banza, manya da ƙanana, ko'ina ka juya. Da suka ƙarar da na ƙasa sai suka koma zare na katangar gonarta, har ruwan sama ya wanke mata kunyar dankali guda.

Mai kawo su Telmo ne, jikan maƙwabciyarta, wanda ya dawo daga birni da gemu da motar hawan dutse. Ta tare shi a bakin kwami gaban baƙinsa.

"Kai, Telmo! Zo nan, ɗan gidan Ermelinda. Waɗannan raƙuman naka, ba su da duwatsu a garinsu ne?"

"Haba Ti Zulmira, ai ƙauna ce. Al'adarmu suke girmamawa."

"Al'adar wa? Kakanka ya taɓa tara dutse ya yi masa murmushi? Ni na wanke maka gindi kana jariri, yau kai za ka koya mini al'ada?"

"Ti, ki yi a hankali, suna ɗauka a waya."

"Su ɗauka! Ka ce musu su ɗauki abin da suka bari bayan dutse ma, su kai wa iyayensu tsaraba."

Baƙin ba su ji ko kalma ba. Suka yi ta dariya suna tafi, wata har ta matso ta rungume ta don hoto. Daga ranar Zulmira ta ɗauki aikin rushewa. Duk tarin da ta tarar sai ta sa ƙafa ta yi fatali da shi. Ta rushe goma da safe, da yamma ta tarar da ashirin. Har Telmo ya fara gaya wa baƙi cewa in sun yi sa'a za su ga tsohuwa mai shurin duwatsu.

A watan Agusta Odete ta zo hutu, ta ga uwarta ta rame, ta ga gwiwar da ke kumbura. Suna ɓare wake a ƙofar gida ta kawo maganar da take kawowa kowace shekara.

"Mama, ɗaki na nan na gyara miki. Da ɗumi, da asibiti kusa. Me ya rage miki a nan in ba duwatsu ba?"

"Ubanki."

"Baba na maƙabarta, Mama. To ji nan, ba zan ja da ke ba. Amma ranar da na ji kin faɗi ko kin ɓata a dutsen nan, an gama. A sayar da tumaki ki biyo ni. Kin yarda?"

Zulmira ta yi dariya har waken ya zube daga cinyarta. "Ni in ɓata? Ke yarinya, ido rufe zan sauko daga dutsen nan. Na yarda, Allah ne shaida." Ta sumbaci ɗan gicciyen da ke wuyanta. Mace ce da ba ta taɓa cin alkawari ba, Odete kuma ta san haka, shi ya sa ta nemi rantsuwar.

Da kaka, wata rana bayan azahar, Zulmira ta ga farin ya fara tasowa daga kwari. Ta tattara garken, sai ta lura babu wata tsohuwar tunkiya mai ciki. Ta kora sauran hanyar gida tare da karenta Farrusco, don shi da tumakin ba sa bukatar kowa ya nuna musu, ita kuma ta koma nema. Ba ta ga tunkiyar ba. Hazon ya rufe ta tana can sama.

Ko a jikinta. Ta ja bargo ta nufi mararraba, tana jiran farin dutsen ya ƙyalla mata. Ta hango duhun tari, ta isa, ba shi ba ne. Ga wani a dama, ga wani a hagu, ga uku a gaba, duk tsawonsu ɗaya. Rabonta da mararrabar mako biyu, don ta koma kiwo ta ɗaya gefen gudun baƙi. A cikin makonnin nan aka bi mariolar Amandio aka zare faffaɗan duwatsunta, saboda sun fi daɗin jerawa, aka bar ta iya gwiwa. Ta wuce ta gefenta ba ta sani ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba a dutsen da ta girma a kai. Ta zaɓi tarin da ya fi girma ta bi, daga shi ta bi na gaba, har ƙasa ta fara gangarewa yadda hanyar gida ba ta yi. Kafin ta ja da baya tsakuwa ta zame, ta faɗi, idon sawunta ya gurɗe. Ta jefa ɗan dutse gabanta, ta daɗe ba ta ji saukarsa ba.

Nan ta zauna, sanyi na shiga ƙashinta, tana zagin Telmo da kakanninsa tana haɗawa da addu'a. Zagin ne ma ya cece ta. Telmo na saukowa da ayarinsa, kowa ido a kan wayarsa tana nuna masa hanya, suka jiyo murya. Suka naɗe ta da wata takarda mai sheƙi kamar kifin da za a gasa, suka tura mata wani abu mai zaƙi a baki, ƙarti biyu suka ɗauke ta. Mutanen da suka ɓatar da ita su ne ke shafa mata kai suna ce mata sannu da harshensu. Da mutuwa ta zo a lokacin, ina jin da ta yi mata maraba.

Ta kamo rigar Telmo. "Ɗan nan, don darajar kakarka, kada Odete ta ji."

"Bakina ƙanin ƙafata, Ti."

Bai faɗa ba kuwa. Ba a bukaci bakinsa ba. Wayoyi huɗu ke ɗaukarta tun daga bakin kwazazzabon, kuma kafin a sauke ta a ƙofar gidanta Odete tana can Faransa ta riga ta ga uwarta a waya, naɗe cikin takarda, baki duk zaƙi, mutane na aiko da hoton zuciya.

Odete ta iso cikin makon. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, wanda ya fi faɗan ciwo. Zulmira ba ta roƙa ba, ta riga ta rantse. Wani mahauci daga kwari ya kwashe garken. Telmo ya sayi uku mafi kyau, wai baƙi na son hoto da tumaki.

Ranar tafiya ta ce sai ta yi sallama da mararraba. Telmo ya ce shi zai kai su a motarsa, yana ma da abin da zai nuna mata. Ni ma na bi su rakiya. Ya wuce mararrabar ya tsaya ta hannun dama, bakinsa har kunne. A daidai inda ta faɗi, a leɓen kwazazzabon, an tayar da tari wanda ya fi mutum tsawo, ya fi duk wata mariola da aka taɓa ginawa a dutsen. Baƙi na layi, kowa da dutsensa a hannu.

"Taki ce, Ti. Mariolar Tsohuwa muke ce mata. Duk wanda ya ɗora dutse zai koma gida lafiya, haka nake gaya musu."

Zulmira ta dogara sandarta ta matsa. A can saman tarin, an maƙale shi tsakanin wani tsumma da murfin kwalba, ga farin dutsen Amandio. Wata baturiya ta miƙo mata dutse da murmushi don ita ma ta ɗora. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ɗaga sandar ta zunguro farin dutsen, ya faɗo, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka ta goge shi da gefen zanenta.

"Kai Telmo, kana da hankali kuwa? Duk makiyayin da hazo ya kama ya bi wannan, sai dai a je ƙasa a tsinto shi."

Telmo ya sosa gemu. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ma ta fi shiga. "Wane makiyayi, Ti? Ai ke ce ta ƙarshe."

Muka jira tsakin. Ni da Odete har mun sunkuyar da kai. Bai zo ba. Ta tattara yawu ta tofar a gindin tarin, ta juya ta nufi mota tana ɗingishi. Bayanta wani ya ɗora dutsensa a gurbin da ta bari, 'yan'uwansa suka yi masa tafi.

"Mama, akwatin ya cika, ba inda za a sa dutse," in ji Odete.

"Ban ce ki sa a akwati ba."

A cinyarta ta riƙe shi, hannu biyu, har suka wuce allon bakin hanya.