Kwanukan Gidan Makoki

Shekarar da ƙyanda ta ɗauke ɗan yayata, a gidansu nake zaune, a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan. Sabuwar malamar firamare ce ni a lokacin, ga ji da kai, ga baki. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yau yana gida gobe yana hanya. Yaron bai cika shekara huɗu ba.

Bayan an binne shi Yaya ta daina cin abinci. Ta jingina da bango a kan tabarma, ko ruwa sai an roƙe ta. A wurinmu kuwa ba a barin masu makoki su ɗora tukunya, maƙwabta da matan zumunta na coci ne ke ciyar da gidan. Kwanuka suka yi ta shigowa, tuwon acca, faten doya, dafaffiyar gwaza, har daga Godogodo dangin mijinta suka zo da nasu. Kuma abin kunya ne a mayar wa mace kwanonta da abinci a ciki.

Duk lokacin da Yaya ta buɗe baki za ta yi maganar yaron, sai a tare ta. Matar fasto ta durƙusa gabanta ta ce, "Sista, yaro yana wurin Ubangiji. Bar wannan magana, ki ci abinci kawai." Ranar da ta sa hannu a tuwo, a nan take aka yi addu'ar godiya. Ta cinye, aka turo mata wani kwanon, shi ma ta cinye. Ni ma na yi murna.

Makoki ya watse, amma cin bai tsaya ba. A gaban mutane ɗan kaɗan take taɓawa, don haka na daɗe ban gane ba. Sai wata rana da aka tashe mu da wuri daga makaranta na iske ta a sito, a tsaye, tana tura ragowar tuwo mai sanyi a baki da sauri, ko taunawa ba ta yi. Ta gama ta koma kan garin rogo busasshe. Hawaye na zuba, hannu bai daina aiki ba. Ba ta juyo ba ta ce, "Rufe mini ƙofa." Daga baya ta kwanta riƙe da ciki, ta wuni ba ta kalli idona ba.

Jiki ya buɗe, tela ya yi ta ƙara wa rigunanta faɗi. A kasuwa mata suna ce mata, "Madam, oga yana kula da ke sosai fa." Mijinta har kumbura yake don daɗi, a ganinsa matarsa ta warke. A garinmu ƙiba alamar hutu ce, wa zai kira ta ciwo?

Ita dai ta san akwai abin da ke damunta. Ta kai kanta wurin matar fasto, aka ce mata haɗama ce, haɗama kuma zunubi ce, ta yi azumi. Sai ta wuni ba ci ba sha, rana na faɗuwa ta cinye abin da mutum uku ba za su iya ba, ta tashi da sabon laifi a kanta. Ni kuma gudummawata ita ce kwaɗo a ƙofar sito da kiranta rumbu cikin wasa. Takan yi dariya, sannan ta zagaya tasha wurin mai ƙosai.

Gwiwoyinta suka fara ciwo, sai haki in ta hau ɗan tudun coci, sai ƙishirwa da yawan fitsari. Wani gyambo ya fito mata a ƙafa ya ƙi warkewa. A asibiti aka ce ciwon sukari ne da hawan jini, aka jera mata abin da za ta bari. Ba wanda ya tambaye ta me ya sa take ci haka. Sai da na tsufa na ji cewa cin nan shi kansa cuta ce, ana kuma maganinta, tun daga sauraron mai ita. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar da na ji.

A kwanciyarta ta ƙarshe na kai mata faten acca da la'asar. Ina buɗe kwanon ta ce, "Kin tuna yadda yake gudu bakin ƙofa in ya ji kukan jirgi?"

Na ce, "Yaya, bar maganar nan, ki ci."

Ta dube ni ba fushi. "Ke ma? Ƙanwata, ni ban taɓa jin yunwa ba. Duk wanda na buɗe wa baki a kan yaron nan, tuwo yake sa mini a ciki."

Na rufe kwanon na zauna a gefen gado. Muka yi ta maganarsa, wandonsa na Kirsimeti da ya yi masa yawa, da tsoron da yake wa zakara, har nas ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Yaya ba ta kai ƙarshen damina ba. Amma a ranar ko kallon faten ba ta yi ba, na ɗauki kwanona na koma gida da shi a cike.