Ƙarambau da Bakwainina

Ɗana na biyu bakwaini ne. Da aka sallamo mu daga asibiti, in na ɗauke shi sai in ji kamar zane kawai na ɗauka. Babansa soja ne, yana can gabas wurin aiki. Ma'aikaciyar jinya ta ce in riƙa ɗaure shi a ƙirjina, kuma kada mai tari ko ƙuraje ya matso kusa da shi.

Yayarsa tana da shekara huɗu a lokacin, kuma ta riga ta yanke hukunci cewa yaron nata ne, ni riƙo nake yi mata. Ba ta wuce ni sai ta ɗaga zanena ta leƙa ko yana nan.

Sai ƙarambau ya shigo gidan da muke haya a Zuru. A gidan, in ya kama yaro ɗaya, mata kan tara sauran yaran a tabarma ɗaya su yi wasa, ya kama kowa a wuce wurin. Daga baya a shafe su da farin maganin ƙaiƙayi, su yi ta yawo kamar dodanni. Ni ma haka aka yi mini ina ƙarama, ban taɓa ganin aibinsa ba. Ina ɗaki ina fama da jariri, maƙwabta suka haɗa da 'yata, wai su rage mini wahalar gaba. Alheri suka nufa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, amma na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Na kira ma'aikaciyar jinyar. Ta ce in raba yarinyar da jaririn, kada in jira ƙuraje su fito mata, ciwon yana yaɗuwa tun kafin a gan shi, kuma abin da yake wasa ga babban yaro yana iya kashe bakwaini.

Uwar mijina ta zo daga Dabai. Ta ce, "Ɗiyata, wane yaro ya girma bai yi ƙarambau ba?"

Na kwance zanena na nuna mata shi. Ta daɗe tana kallon haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka. Ta ce, "Maigidan nawa kam sai a hankali. Haɗo mani kayan yarinya."

Ɗan kabu-kabu yana jira a ƙofa, 'yata ta rugo za ta yi wa ƙanenta sallama. Na miƙa hannu na tare ta daga nesa. Ta duba hannuwanta, ta duba cikinta, fes, babu ƙurji ko ɗaya. Ta ce, "Mama, ba ni da ciwo. Mi na yi?" Na ce ba ta yi komai ba, amma hannuna yana nan a miƙe.

Ƙurajen sun fito mata a Dabai, sun bar mata tabo a goshi. Ƙanenta bai kamu ba, yanzu ma ya fi ta tsawo. Da za a sake, haka zan sake yi.

Ranar da aka dawo da ita, na buɗe hannu ina jiran ta faɗo jikina. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga riga ta nuna mini cikinta, ta ce, "Na warke. In shigo?"