Fatna Ba Ta Yafe Wa Mawada Ba

Fatna shara da goge-goge take yi a gidajen unguwar Ma'adi a Alƙahira, ta koma unguwar Faisal ta kwana. Ciwon baya ne ya sa wata abokiyar aiki ta miƙa mata tiramadol, kafin ta ankara ɗaya ta zama shida a rana. Da ciki ya shiga a 2012, ta je wurin wata likita a Giza ta fayyace mata komai.

Likitar ta ce, "Kada ki kuskura ki daina lokaci ɗaya, za ki iya rasa cikin." Ta ɗora ta a kan wani magani da ake sawa ƙarƙashin harshe kullum da safe. Fatna ta riƙe shi hannu bibbiyu, don shekara bakwai tana neman haihuwa.

A wata na bakwai, mijinta Fadl yana aikin gini a wajen gari, sai yayarsa Mawada ta zo zama da ita. Mawada kuwa ba a yi mata gyara. Ta ga maganin, ta ce ƙwaya ƙwaya ce ko wa ya rubuta, ta juye shi a masai. Ta dafa hulba, ta kulle ƙofa ta ɓoye mabuɗi, wai kwana uku zai fita daga jini.

Amai, gumi, murɗar mara, Fatna ta roƙe ta har muryarta ta dushe. Rana ta uku naƙuda ta taso. Jaririyar, Amna, sai da ta yi kwana arba'in a kwalba, jikinta yana ɓari.

Fatna ta koma kan maganinta, ta shayar da 'yarta. Mawada ta zo ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, alheri na nufa." Fatna ta yi rantsuwa cewa hannun Mawada ba zai taɓa Amna ba.

Ranar walimar jaririya, da Mawada a matsayin gwaggo ya kamata ta fito da yarinya ta nuna wa mata, Fatna ta wuce ta gabanta ta miƙa wa maƙwabciya. Kayan sallah in sun zo daga Mawada, a ƙulle suke komawa. Fadl ya yi lallashi, dattawa sun yi, ko gezau. Ni dai ban ga laifinta ba.

A 2015 suka yi kiciɓis a matakala. Mawada ta durƙusa ta buɗe hannu, idonta fal ƙwalla. Amna ta laɓe bayan uwarta.

"Mama, wace ce?"

Fatna ta ja hannun 'yarta. "Wata mata ce. Mu je."